Kasuwar Gene: Wa Ke Biyan Kuɗin Saniyar Da Ba A Yi Wa Rigakafi Ba?

Duk falken da ya taɓa sayen shanu a karar Gene ya san yadda muke duba sa kafin mu taya. Mukan buɗe baki mu ga haƙora, mu dafa tozo, mu matsa gindin wutsiya, sannan mu sa a kora shi mu ga tafiyarsa. To amma akwai wurin da idon dillali ba ya kaiwa komai ƙwarewarsa, wato cikin huhu. A nan ne kuwa jarin mutane da dama yake narkewa.

Garin Gene, wanda ake rubuta shi Guéné a Faransanci, yana cikin ƙaramar hukumar Malanbil a jihar Alibori ta arewacin Jamhuriyar Benin. Yana kan babbar hanyar da ta taso daga Kandi zuwa bakin Kogin Neja, kilomita 20 da 'yan kai kafin a shiga Malanbil, kuma a nan hanyar Karimama ta rabu. Alibori ce ta fi kowace jiha yawan shanu a ƙasar, shi ya sa karar Gene take tara Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Hausawa, daga Gaya ta Nijar har Kamba da Lolo ta jihar Kebbi. Inda shanun ƙasashe uku suke haɗuwa su sha ruwa a kwami ɗaya, to cututtukan ƙasashe uku ma sun haɗu ke nan.

Ciwon da ke ɓoye a huhu

Babban abin da likitocin dabbobi suke tsoro a wannan yanki shi ne ciwon huhu. Ta numfashi da tari yake yaɗuwa, kuma saniya takan ɗauke shi ta yi mako uku, wani lokaci har watanni, ba ta nuna komai ba. Wadda ta warke ma ba a gama da ita ba, domin ƙwayar cutar takan maƙale a wani ƙulli cikin huhunta, ta riƙa ba na kusa da ita. Idan ya faɗa garken da bai taɓa saninsa ba, yana iya kashe har rabinsa.

Bayan shi akwai cutar nan ta damina mai kumbura maƙogwaro, wadda likitoci ke kira fasturelos, da kan kayar da sa cikin kwana ɗaya ko biyu. Waɗannan biyun su ne hukumar kiwo ta Benin take fita yi wa shanu allurarsu a kai a kai. Sai kuma boru da harbin daji da ciwon saifa, ga sammore da tsando ke kawowa a bakin kogunan Sota da Alibori da gefen dajin W.

Yanzu mu ɗauki misalin falken da ya haɗa shanu talatin zai kai kudu. Idan ɗaya daga ciki yana ɗauke da ciwon huhu, kwana biyu a cikin tirela sun isa ya busa wa sauran. Makiyayin da ya sayar ya karɓi kuɗinsa ya koma rugga, dillali ya karɓi la'adarsa. Wanda zai tsaya a gaban likitan mahauta yana kallo a ƙwace huhu da nama shi ne falke. Ke nan kuɗin allurar da makiyayi ya ƙi biya, ɗan kasuwa ne yake biyansa, ninki ba ninki.

Ina tsadar take?

Ita kanta allurar ba ta da wata tsada idan aka gwama da kuɗin sa guda. A Benin gwamnati tana saka tallafi, makiyayi kuma ya biya wani abu a kan kowane kai. Amma mai shanu ɗari ba ya lissafin kai ɗaya, jimla yake dubawa, kuma sau da yawa lokacin allura yakan zo daidai da lokacin da yake neman kuɗin dusa da ƙwaryar auduga. Shi ya sa wasu suke kawo rabin garke su ɓoye rabi, musamman masu tsoron kada ƙidayar allura ta zama ƙidayar haraji.

Babbar tsadar tana wajen kai allurar inda shanun suke. Magungunan rigakafin da ake amfani da su a Afirka ta Yamma suna fitowa ne daga 'yan cibiyoyi kaɗan, irin su LANAVET a Garwa ta Kamaru, da LABOCEL a Yamai, da cibiyar Bamako, da ta Vom a jihar Filato wadda take aiki tun 1924. Daga can har zuwa wuyan saniya dole maganin ya zauna cikin sanyi. Ana buƙatar firji da wutar da ba ta ɗaukewa, da ƙanƙara, da babur da man da zai kai malamin dabbobi rugga. Na ciwon huhu kuwa, da zarar an dama shi da ruwa sai a yi amfani da shi cikin awa ɗaya zuwa biyu, kuma ƙarfinsa ba ya wuce shekara guda a jikin dabba. Wanda aka yi wa bara, bana ma sai an sake.

Idan ba a manta ba, a da gwamnati ce take ɗaukar wannan nauyi baki ɗaya. Da haka aka ci ƙarfin bushiya, tun daga gangamin haɗin gwiwa da aka fara a 1962 a ƙasashen Tafkin Cadi, har aka shelanta kawar da ita daga duniya a 2011. Dattawanmu ba su manta da ɓarnar da ta yi a Nijeriya a 1983 ba. Amma allurar bushiya sau ɗaya take kare saniya iya rayuwarta, ba kamar ta huhu ba. Sannan a shekarun 1990 tsarin tsuke bakin aljihu ya sa gwamnatoci suka rage ɗaukar ma'aikata suka miƙa yawancin aikin ga likitoci masu zaman kansu, ga kuma karya darajar Sefa da rabi a Janairun 1994 da ta ɗaga farashin duk maganin da ake shigowa da shi. Likita mai zaman kansa kuwa yakan zauna inda zai mai da kuɗinsa, wato cikin gari.

Iyaka da tsaro

A tsallaken kogi, Nijar ta daɗe tana yin gangamin allurar dabbobi kyauta duk shekara. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya sa makiyayin Malanbil ya ga kamar ana cutarsa. Tun 1998 ECOWAS ta fito da takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi, wadda take nuna yawan garke da allurar da aka yi masa. Sai dai a Disambar 2019 Benin ta hana shigowar makiyaya daga waje, a Yulin 2023 aka rufe gadar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar, a 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren Nijar ta bar nata a rufe, sannan a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. Duk lokacin da aka toshe hanyar hukuma, dabba takan bi kwalekwale ko ɓarauniyar hanya, inda babu mai tambayar takarda. Hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta a kewayen dajin W tun ƙarshen 2021 su ma sun sa akwai ruggagen da ma'aikaci ba zai yi gigin zuwa ba.

Arha kashe kuɗi

Inda likita bai kai ba, mai tebur ya kai. A kowace kara za ka ga ƙunshin maganin sammore da kwalaben teramaisin a shanye cikin rana. Wani bincike da aka wallafa a 2018 a kan magungunan sammore da aka tattaro daga ƙasashen Afirka ta Yamma ya gano kusan rabinsu ba su cika ƙa'ida ba. Ko da mai kyau ne, ƙaramin ƙunshin nan na giram 2.36 an auna shi ne don dabba mai kilo 300. Wanda ya raba shi ga bijimai biyu bai warkar da ko ɗaya ba, sai dai ya koya wa cutar jure magani. Haka mai ɗura wa sa mai tari teramaisin don ya miƙe ranar kasuwa: tari ya lafa, ƙwayar tana nan, ga ragowar magani a naman da jama'a za su ci.

Tun 2006 ƙasashen UEMOA, da Benin da Nijar a ciki, suka amince cewa sai maganin dabbobi ya samu izini kafin a sayar da shi, kamar yadda NAFDAC take yi a Nijeriya. Dokar tana nan, amma mu masu kasuwa mun san abin da ke cikin buhunan da ke ƙetare kogi.

Abin da ke hannunmu

Ba komai ne za mu jira gwamnati ba. Makiyayan Alibori sun riga sun nuna hanya da kasuwannin da suke gudanarwa da kansu, waɗanda aka fara a Gogunu, inda ake rubuta kowane ciniki a ba da rasiɗi, a cire wani abu don amfanin kasuwa. Ƙungiyarsu ta ANOPER daga wannan tushe ta taso. Idan kuɗin kara zai iya gina shinge da rijiya, zai iya sayen firji mai aiki da hasken rana, ya kuma zuba wa malamin dabbobi mai a babur.

Mu fatake kuwa makaminmu shi ne farashi. Mu riƙa tambayar takardar allura kafin mu taya, mu ƙara wa mai ita ko da 'yan jakunkuna ne. Ranar da makiyayi ya ga saniya mai takarda ta fi marar takarda daraja, ba sai an bi shi rugga ana roƙo ba, shi zai nemi likita. Sabbin shanun da muka saya mu ware su daga na gida na wasu makonni. Mai tari ko mai tsayawa da buɗaɗɗun ƙafafun gaba yana miƙa wuya, kada a ɗora shi a mota, a kira likita. Masu sayar da magani a cikinmu kuma su ji tsoron Allah, su sayo daga inda aka sani, su duba ranar lalacewa, su kawar da kayan daga rana.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A karar Gene ya ma fi shi arha, in dai an yi lissafin har zuwa ƙofar mahauta. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya ba mu kasuwa mai albarka.