Dakta Patrick Wilmot: Shekara 18 A Samaru, Aka Kore Shi Dare Ɗaya

A cikin shekarar 1988 ne jami'an tsaro na Gwamnatin Mulkin Soja ta Janar Ibrahim Babangida suka kama Dakta Patrick Wilmot a Zariya, suka kai shi Ikko, suka saka shi a jirgin sama zuwa Landan. Ba a kai shi gaban alƙali ba.

Shi dai Dakta Wilmot mutumin Jamaika ne, an haife shi a 1942, ya yi karatu a Jami'ar Yale ta Amurka, sa'an nan ya zo Jami'ar Ahmadu Bello a 1970 yana koyar da ilmin zamantakewar al'umma. A wancan zamani Samaru ta zama matattarar malamai masu ra'ayin gurguzu, har ma a 1983 aka yi babban taro a jami'ar na cika shekara 100 da mutuwar Karl Marx. A cikin wannan yanayi ne ya wallafa littafinsa kan mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu a 1980.

Ɗaliban Zariya kuwa ba baƙin wannan magana ba ne, domin Turawan mulkin mallaka sun keɓe wa kansu unguwa, suka ware Sabon Gari domin baƙi 'yan Kudu, suka bar birni a cikin ganuwarsa.

To, abin mamaki shi ne, Nijeriya ce a kan gaba wajen yaƙi da wariya. A 1976 aka kafa asusun taimakon Kudancin Afirka, ma'aikatan gwamnati suka riƙa ba da kashi 2 cikin 100 na albashinsu. A 1979 gwamnati ta karɓe kadarorin kamfanin mai na BP. Kai, a ranar da aka fitar da malamin ma, Manjo Janar Joe Garba ne shugaban kwamitin yaƙi da wariya na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Laifin Dakta Wilmot shi ne bai tsaya ga zagin Turawan Piritoriya ba, wanda kowa ya iya. Ya juyo gida yana sukar masu mulki da manyan attajirai a cikin aji da jaridu, kuma ɗalibai suna sauraronsa. Wannan ne gwamnati ta kasa haɗiyewa.

Shekara biyu bayan korarsa, a watan Fabrairu na 1990, aka saki Nelson Mandela daga kurkuku. A watan Mayu ya kawo ziyarar godiya Nijeriya, gwamnatin da ta kori malamin ce ta tarbe shi.