Daga karatun noma zuwa karatun silima

A ƙauyuka da yawa akwai iyayen da suka sayar da gero ko akuya don ɗansu ya kai jami'a. In wata rana yaron ya aiko da wasiƙa ya ce zai koma wata makaranta ya koyi aikin silima da talabijin, sai hankalin gida ya tashi. Uba ya ce an yi asarar shekaru. Uwa ta ce wasa ne za a koyo. Labarin ƴan ƙasarmu biyu ya isa a duba shi kafin a yanke hukunci.

Na farko shi ne Sani Magori. An haife shi a 1971 a Galmi, cikin jihar Tawa, garin da albasarsa ta yi suna har bakin teku. Ya tafi Aljeriya ya yi karatun aikin noma. Da ya dawo ya taɓa aikin jarida. Daga baya ya nufi Senegal, ya shiga jami'ar Gaston Berje da ke birnin Sanluwi, inda ake koyar da haɗa fim na labarin gaskiya, wato wanda ba wasan kwaikwayo ba ne.

Shin karatun noman ya tafi a banza? A'a. Da ya ɗauki kamara, gida ya koma. A 2008 ya fito da fim a kan albasar Galmi. A ciki ana ganin wani manomi da ke son aurar da ɗiyarsa, amma bikin yana jiran kuɗin albasa. Ana ganin dashe da ban ruwa, ana ganin yadda farashi ke faɗuwa in kowa ya kai kasuwa lokaci guda. Wanda bai san wahalar lambu ba, da wuya ya san inda zai tsaya da kamara, da ranar da zai zo.

A 2010 ya ƙara da wani fim mai suna Kukan Kurciya. Wannan a kan ƴan ci-rani ne. Akwai wata tsohuwar zabiya wadda waƙoƙinta suka zuga samari da yawa suka tafi neman arziki a ƙasashen bakin teku. Mahaifin Sani yana cikinsu, ya daɗe a Abijan. Sai Sani ya ɗauki zabiyar suka bi hanya har can, don ta yi waƙar da za ta kira su gida. Kusan kowane ƙauye na Adar da Gobir yana da irin wannan labari.

Ta biyu ita ce A'isha Maki, haifaffiyar Damagaram a 1982. Ita makarantu uku ta bi. Ta fara da ilimin zaman jama'a a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Ta koma IFTIC, makarantar koyon aikin jarida da rediyo da talabijin, ita ma a Yamai. Daga nan ta wuce Sanluwi. Fim ɗinta na 2016 yana magana a kan matan da ba su samu haihuwa ba, da gorin da suke sha a gidajen aure. Magana ce da ake yi cikin raɗa, ita ta fito da ita fili. A 2021 ta yi wani a kan matasan unguwar Kara-Kara ta Damagaram.

A da babu irin waɗannan makarantu. Umaru Ganda tsohon soja ne, ya yi dako a tashar jirgin ruwa ta Abijan, can ya haɗu da Bature Jan Rush ya shiga aikin. A 1972 shi ya fara cin babbar kyautar bikin silima na Wagadugu. Mustafa Alasan, wanda ya zauna Tawa shekaru da yawa, makanike ne kafin ya koyi fim. Yanzu kuwa galibi ana tambayar takarda.

To, sauya makaranta yana da ƙa'ida. Karatun jami'a yana da matakai: shekara 3 a samu lisans, a ƙara 2 a samu masta. Ya fi sauƙi yaro ya kammala mataki guda kafin ya tashi, don ya tafi da takardar shaida a hannu. Wanda ya tashi a tsakiyar shekara yana iya komawa baya. Kafin ya bar tsohuwar makaranta, ya karɓi takardun makinsa duka. Ya tabbata sabuwar ta amsa masa a rubuce, ba da baki ba. In yana da tallafin karatu na gwamnati, ya je ofishin da ke biyansa ya tambaya ko kuɗin zai bi shi. Ya kuma bincika ko hukuma ta yarda da takardar da makarantar ke bayarwa, domin ba kowace mai babban allo a ƙofa ce aka amince da ita ba.

Iyaye su ma suna da tambayar da za su yi. Kuɗin makaranta nawa ne a shekara? Ina yaron zai kwana? Makarantar tana da kamara da kwamfuta da ɗalibai ke taɓawa da hannunsu, ko kuwa a allo kawai ake nuna musu?