Hannun da ya riƙe kaya: yadda launin fata ke shiga ciniki ba da sallama ba

Duk wanda ya daɗe a rumfa ya san ido kan riga baki yin ciniki. Kafin mai saye ya taya, an riga an dubi rigarsa da takalminsa da fuskarsa, zuciya kuma ta yanke ko wannan na bashi ne ko na kuɗi hannu. Galibi mai rumfa bai ma san ya yanke wannan hukunci ba, in ka tambaye shi rantsuwa zai yi maka cewa kowa ɗaya ne a wurinsa. Wannan hali ne masana a Amurka suka daɗe suna aunawa tsakanin baƙar fata da farar fata, kuma abin da suka gano ya taɓa aljihu kai tsaye.

Tsakanin 2009 da 2010, Jennifer Doleac da Luke Stein na jami'ar Stanford sun sa tallar iPod, wata ƴar na'urar sauraren waƙoƙi, a shafukan saye da sayarwa na intanet cikin garuruwa fiye da 300. Kayan iri ɗaya ne, sabo ful cikin kwalinsa. Abin da kawai suka riƙa sauyawa shi ne hannun da ke riƙe da kwalin a hoto: wani lokaci hannun baƙi, wani lokaci na fari, wani lokaci kuma na fari mai zane a wuyan hannu. Babu fuska a hoton.

Da aka zo lissafi, sai aka ga masu tuntuɓar baƙin hannu sun gaza na farin hannu da kashi 13 cikin ɗari, tayin da aka yi masa ma ya fi ƙaranci. Amma inda ya kamata ɗan kasuwa ya kasa kunne shi ne batun yarda. Idan mai sayarwa ya ce ya yi nisa, a turo kuɗi ya aika da kaya ta gidan waya, masu amincewa da baƙin hannu sun ragu da kashi 44 cikin ɗari. Wasu ko sunansu ba su son sa wa a wasiƙar da suke rubuta masa. Ku da kuke ɗora kaya a mota daga Kano zuwa Maraɗi bisa kalmar direba kawai, ku karɓi kuɗin bayan mako guda, kun fi kowa sanin cewa wanda aka hana wa amana an raba shi da rabin jarinsa. Binciken ya kuma nuna bambancin ya fi tsanani a ƙananan kasuwanni inda masu saye ba su da yawa. Inda ake rububin kaya, kamar Maigatari ranar Alhamis, mai tsayawa duban launin hannu sai wani ya riga shi sallamawa.

Tun a 1995 Ian Ayres da Peter Siegelman sun ga irin haka wurin dillalan sababbin motoci na birnin Cikago, inda aka riƙa yanka wa baƙar fata namiji farashin da ya ɗara na fari da dala fiye da dubu. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Kada mai karatu ya ce wannan ai halin Nasara ne. Laifi tudu ne. Mun sha jin yadda farashin turmin atamfa ke tashi da zarar Bororo ya tsaya bakin rumfa, da yadda yaron shago ke bin mai rawanin Buzu da ido har ya fita, alhali bai taɓa ɗaukar ko allura ba. In an yi magana sai a ce wasa ne, ko kuma ai an san halinsu. Wa ya san halin? A wane gari?

Yadda mutane ke karɓar abin idan ya fito fili shi ma abin dubawa ne. Ranar 12 ga Afrilu 2018, wasu samari biyu baƙar fata sun shiga shagon shan kofi na Starbucks a birnin Filadelfiya suna jiran abokin harka, ba su sayi kome ba tukuna, abin da fararen fata ke yi kullum ba a tanka musu. Cikin ƴan mintoci mai kula da shagon ta kira ƴan sanda, aka fita da su da ankwa. Hoton bidiyon da wata mai shan kofi ta ɗauka ne ya tayar da ƙura. Kamfanin ya nemi gafara, ya rufe shaguna fiye da 8,000 da yammacin 29 ga Mayu domin yi wa ma'aikata kimanin 175,000 bita kan son zuciyar da mutum bai san yana da shi ba. A ganinmu bitar yini guda ba ta kankare abin da aka sha tun a nono. Samarin ne suka fi burge mu: daga hukumar birnin dala ɗai-ɗai kacal suka karɓa, bisa sharaɗin a ware dala 200,000 don koya wa ɗaliban makarantun gwamnati kasuwanci.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Gwanzu, birnin ƙasar Sin da ƴan kasuwarmu ke zuwa sarin yadi, takalma da wayoyin hannu. A watan Afrilu 2020, lokacin annobar korona, bayan an samu cutar jikin wasu ƴan Najeriya biyar, masu gidajen haya da otal-otal suka shiga korar ƴan Afirka, har wasu suka kwana a titi da jakunkunansu. An tilasta wa baƙar fata gwaji da killacewar kwana 14, har da waɗanda suka yi wata da watanni ba su fita ƙasar ba. Wani reshen McDonald's ya fito da takarda cewa an hana baƙar fata shiga. Wannan kam ba ɓoyayyen son zuciya ba ne, amma tushensu ɗaya: an ga launi, an yanke hukunci.

Ƴan kasuwar da abin ya shafa ba su yi shiru ba, wayoyinsu suka ɗaga suka ɗauki hotuna suka watsa. Jakadun ƙasashen Afirka a Bejin suka rubuta takardar koke ga ma'aikatar harkokin waje. A Abuja, kakakin majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya zauna da jakadan Sin, ya nuna masa bidiyon ido da ido. McDonald's ya nemi gafara, ya rufe reshen na ɗan lokaci don yi wa ma'aikatansa bita. Hukumomin Sin kuwa sun yi alkawarin gyara yadda ake tafiyar da matakan, amma sun tsaya a kan cewa ba su nuna wa kowa bambanci, duk baƙon da ke ƙasarsu ɗaya ne a wurinsu.