Tsuntsu Mai Launi Bakwai: Ado Ya Zame Masa Jarrabawa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. 'Yan'uwa, a wannan fitowa za mu leƙa arewa maso gabashin ƙasar Birazil, domin mu dubi wani ɗan tsuntsu daga dangin da ake kira tanaja. Dangin yana da ire-ire sama da 350, kusan dukkansu a nahiyar Amurka. Wanda muka zaɓa masana na kiransa Tangara fastuosa, mutanen ƙasar kuwa suna ce masa "pintor-verdadeiro", wato mai fenti na gaskiya.

Tsawonsa santimita 13 da rabi ne, kusan girman kanari. Kansa kore ne shar mai sirkin shuɗi, kewayen bakinsa da maƙogwaronsa da gadon bayansa baƙi wuluk. Ƙirjinsa shuɗi ne mai haske, shuɗin yana ƙara duhu har ya kai ciki. Daga ƙugu zuwa gindin wutsiya kuwa ruwan lemu ne mai ƙyalli kamar garwashi. Tamatar ma haka take, sai dai launinta bai kai na namijin haske ba. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya tsara wannan ado a jikin da bai cika tafin hannu ba!

Abincinsa 'ya'yan itatuwa ne ƙanana da ƙwari da gizo-gizo, waɗanda yake tsinta a ƙarƙashin ganye da jikin rassa. Yakan yi kiwo a ƙololuwar itatuwa, biyu-biyu ko cikin ƙaramin garke, sau da yawa tare da wasu tsuntsaye. Idan ya haɗiye 'ya'yan itace, sai ya zubar da ƙwallonsu a wani wuri dabam, su tsiro. Ashe dajin da ke ciyar da shi, shi ma yana shuka shi. Sheƙarsa yakan gina ta ne cikin wasu tsire-tsire dangin abarba da ke fitowa a kan rassa.

Duk faɗin duniya babu inda yake rayuwa sai ragowar kurmin bakin tekun Atilantika, musamman a jihohin Alagowas da Farnambuko da Faraiba. Tun ƙarni na 16 ake sare wannan kurmi domin noman rake, har ya zama 'yan tsibiran daji a tsakiyar gonaki. Ga kuma masu ɗana tarko, da ke kama shi su sayar wa masu keji, ko da yake dokar Birazil ta 1967 ta haramta farauta da cinikin namun daji. A 2001 gwamnati ta keɓe dajin Murisi a Alagowas domin kare shi da makamantansa, amma masana sun sanya shi cikin tsuntsayen da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Mu ma wannan labari ya shafe mu. Akun nan mai jar wutsiya na kurmin Kamaru da maƙwabtanta an yi ta kamawa har ya yi ƙaranci, sai da ƙasashen duniya suka amince a 2016 a hana cinikin na daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Malamai sun halatta ajiye tsuntsu ga wanda zai ba shi ci da sha, amma wawushe daji har iri ya ƙare ɓarna ce a bayan ƙasa. An ruwaito cewa sahabbai sun taɓa ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a wata tafiya, da Annabi (SAW) ya ga tana shawagi cikin damuwa sai ya umarce su da su mayar mata da su.

Saboda haka, ya ku iyaye, kafin mu saya wa yaro tsuntsu a kasuwa, mu tambayi daga ina aka kamo shi. Mu kuma hana yaranmu harbi da danƙo da rushe sheƙa don wasa. Allah Ya sanya tausayin halittunSa a zukatanmu, amin.