Kula da Ɗan Yaye Tsakanin Bazara da Damina

'Yan'uwa, a ƙasar Daura watan Mayu da na Yuni lokaci ne na duban gabas. Zafi yakan wuce digiri 40, hatsin rumbu ya yi ƙasa, maigida yana sharar gona yana jiran ruwan shuka. A wannan lokaci wanda ya fi kowa shiga haɗari a gida shi ne yaro mai shekara 1 zuwa 3. Ya iya tafiya, kome ya gani sai ya kai baki, amma bai iya cewa yana jin ƙishirwa ba. Ga abin da ya kamata kowane gida ya sani.

Kada a gaggauta yaye

Mun saba in uwa ta samu ciki da goyo, ko aikin gona ya matso, sai a ɗauke yaro rana ɗaya a kai shi wurin kaka. Yaron ya rasa nono, ya rasa uwa, sai ya ƙi cin abinci. Nonon mai ciki ba ya cutar da yaro. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawara a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. In yaye ya zama dole, a riƙa rage nono kaɗan-kaɗan cikin makonni, kuma kada a yaye yaro yana cikin ciwo.

Abincinsa

Cikin yaro ƙarami ne, ba zai iya jiran tuwon dare ba. Yana bukatar ci sau 3 ko 4 a rana, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Koko tsararo yana cika ciki ne kawai. A dama kunun gero da kauri, a sa masa ƙullin gyaɗa ko garin ƙuli-ƙuli ko garin waken soya. A ba shi wake da aka dafa ya yi laushi, da miyar kuka ko zogale, da ɗan manja, da mangwaro tun bai ƙare ba. Gidan da ke da kaji ko zabi, a ware masa ƙwai. Maganar cewa ƙwai yana sa yaro sata ba gaskiya ba ce. A zuba masa nasa kwano dabam, babba ya zauna kusa da shi, domin in ya ci tare da yayyensa za su cinye kafin ya kai loma uku.

Ruwan farko da gudawa

Ruwan sama na farko yakan kwashe bayan gida da kashin dabbobi ya zuba a kududdufi da rijiyar da ba ta da murfi. Shi ya sa gudawa take yawa a farkon damina. Mukan ce haƙori ne, alhali ƙazanta ce ta shiga bakin yaron. A tafasa ruwan shansa, a rufe randa, a ware moɗa ɗaya ta ɗiba. Kashin yaro yana ɗauke da cuta kamar na babba, saboda haka a zuba shi a masai, a wanke hannu da sabulu, in babu a yi da toka.

Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A sayi ƙunshin ORS tun yanzu a ajiye. Ana zuba ƙunshi a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, a samu tafasasshen ruwa lita 1, a sa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, ba tare da tozo ba. Gishiri in ya yi yawa yana da haɗari. Duk bayan zawo a ba shi kwata zuwa rabin kofi, da cokali, a hankali. Wanda ya wuce shekara 2 a ba shi rabin kofi zuwa kofi guda. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Tun shekarar 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara da ƙwayar zinc, guda 1 kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. Kada a hana shi nono ko abinci.

Sauro

Da ruwa ya zauna sauro zai dawo. A fito da gidan sauro a ɗinke inda ya yage, yaro ya kwana a ciki ko a tsakar gida aka yi shimfiɗa. Akwai kuma maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata cikin damina. Jihar Katsina tana cikin wuraren da aka fara shi a Najeriya a shekarar 2013. Na kwana 3 ne. Mai rabawa yakan ba da na ranar farko, sauran kwana 2 yana hannun uwa. Kada a bar shi a ƙarƙashin katifa, kada kuma a raba wa yaro biyu.

In an tafi gona

Yarinya 'yar shekara 6 ba za ta iya tsare ɗan tatata daga rijiya da murhu ba. A bar shi da babba, da abincinsa da ruwansa. Matan zumunta za su iya shirya karɓa-karɓa, yau wannan ta zauna da yara, gobe waccan. A rataye maganin iri da na feshi a sama, kada a zuba kalanzir a kwalbar lemo. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A kai shi asibiti tare da kwalbar.

Alamun da ba a kwana da su

A garzaya asibiti nan take in yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da kome, yana jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, idanunsa sun faɗa, akwai jini a kashinsa, numfashinsa yana sauri, ko wuyansa ya sanƙare. Ƙafafu biyu da suka kumbura alamar tamowa ce, ba ƙiba ba. In jikinsa ya yi zafi a gwada jininsa a ranar.

Maigida, wannan ba aikin uwargida kaɗai ba ne. Kafin ka kashe kuɗi a kan taki da iri, ka ware na mota da na magani ka ba ta ta riƙe, ka kuma ba ta izini tun yanzu ta kai yaro asibiti ko ba ka nan. Ko a Baure kuke, ko Zango, Sandamu, Mai'adua ko cikin Daura, ku san asibitin da ya fi kusa da ku da mai babur ɗin da za ku tasa da dare. Ku duba katin yaro wannan mako: allurar ƙyanda sau 2 ce, a wata 9 da wata 15, bitamin A kuma duk bayan wata 6. Rigakafi ya fi magani.