Ko Ka San Kanari Ya Yi Shekara 75 Yana Gadin Masu Haƙar Kwal?

Kanarin nan da ake ratayewa cikin keji a ƙofar shago don daɗin kukansa, a da a Birtaniya cikakken ma'aikaci ne. Daga wajejen 1911 har zuwa 1986, masu haƙar kwal, musamman masu aikin ceto bayan gobara, da shi suke sauka cikin rami, suna tafe suna satar kallonsa. Muddin yana tsalle-tsalle, lafiya lau. Da ya fara tangaɗi ko ya faɗo daga kan sandarsa, sai kowa ya nemi hanyar fita.

Abin da yake ganowa iskar guba ce da ake kira kabon monoksaid, wadda ke fita duk inda gawayi, fetur, gas ko kananzir ke ci babu wadatacciyar iska. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma jinin mutum na riƙe ta da ƙarfi fiye da iskar oksijin ninki 200 da ɗoriya. Masanin da ya kawo dabarar, John Scott Haldane ɗan Sikotland, mutum ne mai kasada: shaƙar gubar ya riƙa yi da gangan yana rubuta abin da yake ji. Da ramin Tylorstown ya fashe a Wales a 1896, ya duba gawarwaki ya tarar yawancinsu wannan iska ce ta kashe su, ba fashewar ba. Ƙaramin tsuntsu kuwa numfashinsa na da sauri, huhunsa na zuƙar iska fiye da namu, don haka shi ke fara faɗuwa tun mutum na da sauran ƙarfin gudu. Har keji na musamman aka ƙera masa mai ɗan tulun oksijin a sama. In ya suma a rufe ƙofar, a buɗe masa iska ya farfaɗo. Ana ajiye da irinsa a gidan tarihin kimiyya na Manchester.

To, a Fulatan da sauran garuruwan Rogo da Karaye babu ramin kwal, amma akwai hunturu. Cikin Disamba da Janairu, direban da ya zo lodin hatsi ya kwana a gaban mota, ko yaron motar da ya ja tamfol ya lulluɓe baya, ba abin da ya fi masa sauƙi irin kaskon wuta. Ga al'adar nan ta barin gawayi a waje "hayaƙi ya fita" kafin a shigo da shi. Nan kuskuren yake. Hayaƙi mai yaji ma gargaɗi ne. Jan garwashin da ya yi shiru yana nan yana sakin gubar. Risho da murhun gas duk kanwar ja ce, haka barin inji a kunne don hita ta yi ɗumi, tunda salansar da ta huje na iya turo iskar cikin mota ta ƙasa.

Turawa masu yawo da motoci masu ɗakin kwana sun fi dogara da hita mai ƙona dizal ko gas a cikin rufaffen akwati, tana jan iskar ƙonawa daga waje tana kuma fitar da hayaƙinta waje, sannan su maƙala na'ura mai batir da ke ƙara in ta ji gubar. Ga mai kwana a tasha, bargo biyu da hular sanyi da safa sun fi duk wata wuta aminci.

Alamun shaƙar gubar na kama da na zazzaɓi: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. In mutum biyu ko uku da suka kwana wuri ɗaya suka tashi da su lokaci guda, a fito da su fili nan take, a garzaya asibiti a sa musu oksijin. Manja da madarar da ake ɗura wa wanda ya sha guba ba sa taɓa wannan, don a jini take, ba a ciki ba.