Wa Ya Koya wa Mai Raino?

Da damina ta kankama a ƙasar Madarunfa, daga Safo har Ɗan Isa, gida yakan watse tun kafin hantsi. Maigida yana gona, uwargida ta bi shi da fura ko ta nufi gamanarta. Yaron da aka yaye bara yana hannun kaka, ko kishiyar uwa, ko yayarsa 'yar shekara takwas da ta goya shi da zane tana wasan 'yar gala-gala. Waɗannan su ne masu raino na haƙiƙa, kuma su ne horon lafiya ya fi tsallakewa.

Ana horarwa kam, sai dai uwa ake kira. Ita ke zuwa awo, ita ke jin bayanin malaman likita, ita ake miƙa wa igiyar awon dantse mai launi uku: ja idan dantsen yaro bai kai milimita 115 ba, rawaya zuwa 125, kore daga nan zuwa sama. Wannan dabara ta koya wa iyaye mata gano tamowa da kansu, ƙungiyoyin ALIMA da Befen ne suka fara gwada ta a Mirya ta jihar Damagaram, kuma ta nuna cewa macen da ba ta taɓa shiga lakwal ba tana iya awon daidai. To, idan uwa ta iya, me zai hana kaka?

Haka abin yake a wuraren da aka tara yara da sunan makaranta. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana a birnin Maraɗi, nan kusa da mu, ta kashe yara aƙalla 25, 'yan shekara biyar zuwa shida. A watan Afrilun shekarar, irinta ta ci yara kusan 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Gwamnati ta hana sa ƙananan yara a azuzuwan zana, kuma hakan daidai ne. Amma ko ajin siminti ne, malamar da ba ta taɓa gwada fitar da yara cikin hanzari ba, ba ta san adadinsu a ranar ba, ta bar mai tuya tana hura wuta a gindin danga, tana tare da haɗari. A Amurka, dokar tarayya ta 2014 ta sa sharaɗi ga masu rainon da ke karɓar tallafin gwamnati su koyi agajin farko, kwantar da jariri, ba da magani da shirin ko-ta-kwana. A ganina mu ma bai kamata a damƙa wa kowa yara talatin ba sai ya nuna da hannunsa cewa ya iya.

Abin koyon ba shi da yawa, sai dai yakan ci karo da abin da muka gada. Yaro ya ɗauki zazzaɓi ya fara jijjiga, ido ya kafe: nan take wani zai ɗura masa ruwan rubutu, wani ya cusa cokali a baki, wani ya turara hayaƙi. Ɗurar ce ke kisa, domin ruwan huhu yake tafiya. A kwantar da shi a gefe ɗaya, a sassauta tufa, kada a sa komai a bakinsa, a nemi babur zuwa likita. Addu'a ba ta hana tafiya, a yi ta a hanya. Tun 2006 doka ta ce maganin yaron da bai kai shekara biyar ba kyauta ne a Nijar. Wani lokaci magani kan yanke, gaskiya ne, amma wannan bai isa hujjar kwana da yaro a gida ba.

Gyaɗa ta sarƙe jariri, ya kasa kuka? Kada a zura yatsa ana lalube. A kifa shi a kan dantse, kai ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa sau biyar da tafin hannu. In ba ta fito ba, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji sau biyar da yatsu biyu, a yi ta maimaitawa. Wanda ya sha fetur ko kananzir, da yake a kwalaben lemo muke ajiye su, kada a sa shi amai, kada a ba shi manja. Ƙuna kuwa ruwa mai sanyi take so na minti 20, ba ƙwai ko gishiri ko baƙin mai ba.

Sai ruwa. Garin da ke da tafki da gulbi da kududdufai bai kamata a tuna masa ba, amma ɗan rarrafe ko a bokitin wanki yana iya nutsewa, kuma ba ya ihu. A Bangaladash an tara yaran ƙauye 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu a hannun wata mace da aka horar, daga safe zuwa azahar, lokacin da iyaye ke cikin aiki. Bincike ya nuna nutsewa ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a tsakaninsu. Mata goma na unguwa ɗaya suna iya yin haka da karɓa-karɓa, kamar adashi. Kuma wanda ya ga kwalarar da ta ɓulla a gundumar nan a Yulin 2018 ya san amfanin sabulu kafin a ba yaro abinci, da ruwan gishiri da sukari tun zawo na farko.

Hanyar isar da horon ma tana nan. Kowace damina, wata-wata, ma'aikatan sa-kai suna bin gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan wata 3 zuwa 59. Na ranar farko a gabansu ake sha, na kwana biyun da suka rage a gida ake bayarwa, sau da yawa uwa tana gona. Ya kamata ma'aikacin ya tambaya: "Inna, wa ke riƙe yaron nan idan kin fita?" A kira ta, ko tsohuwa ce ko 'yar yarinya, a nuna mata ƙwayar, a sa ta gwada bugun baya a kan 'yar tsana kafin a wuce gida na gaba.